Mai Ɗaki Shi Ya San Inda Yake Masa Yoyo: Yadda Masu Tsara Cikin Gida Ke Warware Matsaloli

Da wuya a samu wani daga cikinmu wanda bai taɓa shiga sabon gini ya fito da gumi da ɓacin rai ba. An gina gidan likita, an shafe shi da fenti, manya sun zo sun buɗe shi, amma kafin wata uku su cika sai ka tarar da majinyata zaune gindin dogon yaro, domin ɗakin jiran da aka yi musu ya fi tanda zafi. Ko kuwa ka shiga ofis da rana tsaka ka iske ma'aikaci ya kunna fitila, saboda an jingine babbar ma'ajiyar takardu bakin taga guda ɗaya da ɗakin ke da ita. Ko aji wanda hasken rana ke dukan allonsa, har ɗaliban da ke gefe ba su ganin abin da malam ya rubuta.

Cikin waɗannan gine-gine babu wanda bangonsa ya tsage, babu wanda rufinsa ya faɗi. Magini ya cika aikinsa. Abin da aka rasa shi ne wanda zai zauna tun da wuri ya yi tunanin yadda mutane za su rayu tsakanin bangayen nan huɗu. Kuɗin da aka kashe kuwa na baitulmali ne, watau harajin talaka, kuma ginin da aka yi ba daidai ba yakan shekara talatin ko arba'in yana wahal da masu shiga cikinsa.

Akwai sana'a guda wadda aikinta ke nan, ita ce sana'ar tsara cikin gida. Da yawa suna tsammani aikin masu ita bai wuce zaɓen labule da darduma a gidajen masu hali ba. Alhali kuwa ado shi ne abu na ƙarshe da suke taɓawa. Mai zanen gini yakan tsai da bango da rufi da ƙofofi. Shi kuwa mai tsara ciki yana duba inda za a zauna, inda za a bi a wuce, inda haske da iska za su shigo, inda za a ajiye kaya, da yadda sauti zai yi yawo. Sau da yawa mutum ɗaya ne ke riƙe da ayyukan biyu. Domin mu ga yadda suke kama matsala su warware ta, za mu duba ayyuka uku da aka yi a ƙasashe uku: wata madafa a Jamus, wani asibiti a Finlan, da wani ɗakin karatu a jihar Tawa.

Madafar birnin Farankfot

Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, wanda ya ƙare a shekara ta 1918, biranen Jamus sun faɗa cikin ƙarancin gidaje mai tsanani. Ma'aikatan masana'antu da iyalansu suna cunkushe cikin tsofaffin gidajen haya marasa haske da iska. A shekara ta 1925 hukumar birnin Farankfot ta ɗora wa wani mai zanen gini, Ernst May, nauyin gina dubban gidaje masu sauƙin haya. To, gida ba ya yin araha sai an rage girmansa, in kuwa aka rage, ɗakin da ke fara shan matsi shi ne madafa. Saboda haka a shekara ta 1926 May ya kira wata ƴar ƙasar Ostiriya, Margarete Lihotzky, wadda bayan ta yi aure aka san ta da Schütte-Lihotzky, ya danƙa mata wannan aiki. A lokacin ba ta cika shekara 30 ba.

Ita da bakinta ta faɗa daga baya cewa kafin wannan aiki ba ta taɓa riƙe gida ba, ba ta kuma saba da girki ba. Wannan rashi ne ya tilasta mata yin abin da mai ganin ya sani ba ya yi, watau tambaya da kallo. Ta tattauna da matan gida da ƙungiyoyin mata. Ta ari dabarar da masana'antu ke amfani da ita a zamanin wajen auna aikin leburori: a riƙe agogo a ƙidaya lokacin da kowane aiki ke ci, a kuma zana bisa takarda hanyar da ƙafa ke bi daga ma'ajiya zuwa tebur, daga tebur zuwa murhu, daga murhu zuwa wurin wanke-wanke. Da ta yi haka sai ta ga cewa a tsohuwar madafa mai faɗi, kai-da-kawowa ke cinye babban rabo na ƙarfin mace. Sa'an nan ta duba madafar jirgin ƙasa, inda kuku ke ciyar da fasinjoji masu yawa daga cikin wani ɗan lungu, domin kome yana kusa da hannunsa.

Madafar da ta zana faɗinta mita 1 da santimita 90 ne, tsawonta mita 3 da santimita 40. Ta sa teburin aiki ƙarƙashin taga domin a yi yanka da tsinta cikin hasken rana. Ta sa kujera mai juyawa wadda ake ɗagawa a sauke, domin mace ta yi wani sashe na aikin a zaune. Fitilar rufi tana tafiya bisa wani ƙarfe, ana jawo ta zuwa inda ake bukatar haske. Teburin guga yana maƙale da bango, ana sauke shi in za a yi aiki, a naɗe shi in an gama. Shinkafa da sukari da sauran kayan abinci suna cikin ƴan aljihuna na alminiyam masu mariƙi da baki, a zaro ɗaya a zuba cikin tukunya ba tare da neman cokali ba. Gefen tebur akwai wani aljihu da ake share ɓawo da shara a ciki, a zare shi a zubar. Kusa da murhu akwai akwati mai riƙe zafi: a tafasa abinci, a sa tukunyar ciki, ya ƙarasa nuna ba da wuta ba.

Hatta itace da fenti ba don kyau kaɗai ta zaɓe su ba. Ma'ajiyar gari an yi ta da wani itacen ƙasarsu wanda tsutsar gari ke gudu. Saman tebur an yi shi da wani itace mai tauri da ke jure kaifin wuƙa. An shafe katakan da shuɗi mai ratsin kore, domin masanan lokacin sun ce ƙuda ba ya son wannan launi. An ɗora ma'ajiyoyin bisa dakalin siminti, domin kada a bar wani saƙo a ƙasa inda datti da ƙwari za su ɓuya. Game da kuɗi kuwa, tun da awon guda ne a ko'ina, an ƙera madafun da yawa a lokaci ɗaya, farashi ya sauka, aka haɗa shi cikin kuɗin gini, mai haya yana biya kaɗan-kaɗan. Kimanin madafa 10.000 aka kafa a gidajen birnin. Madafun zamani masu jerin ma'ajiyoyi manne da bango, waɗanda ake gani yau a ƙasashe da dama, daga wannan aiki suka samo tushe.

Abin da agogo bai ƙidaya ba

Duk da wannan ƙoƙari, da mutane suka tare sai wasu matsaloli suka fito fili. An rubuta sunan abin da za a zuba bisa kowane aljihu, amma kowace uwar gida tana da irin abincinta, sai aka riƙa zuba wani abu inda aka rubuta wani. Aljihunan kuma suna ƙasa-ƙasa, hannun ƙananan yara yana kai musu. Babbar matsalar ita ce madafar ta mutum ɗaya ce. Biyu ba su iya aiki tare cikinta, kuma mace tana can ita kaɗai, nesa da hirar iyali. A shekarun 1970 masu fafutikar ƴancin mata sun soki wannan tsari, suka ce ya killace mace cikin akurki. Madam Lihotzky ta yi tsawon rai ta ji wannan suka da kunnenta, domin sai a shekara ta 2000 ta rasu a birnin Biyana, saura kwana kaɗan ta cika shekara 103.

Darasin da ke nan shi ne, agogo yana ƙidaya taku da mintoci, amma ba ya ƙidaya kaɗaici. Tun kafin sukar ta yi ƙarfi, wata Bafaransa mai wannan sana'a, Charlotte Perriand, ta nemi wata mafita. A babban benen haya da Le Corbusier ya gina a birnin Marsai, wanda aka kammala a shekara ta 1952, an bar madafa ƙarama kamar ta Farankfot, amma maimakon cikakken bango tsakaninta da ɗakin zama, sai aka sa kanta mai tsayin ƙirji. Mai girki tana aiki tana ganin iyalinta, tana miƙa kwano ta saman kantar. Haka sana'ar ke ci gaba: wani ya warware matsala ɗaya, zama ya tona ta biyu, wani kuma ya zo ya gyara.

Ɗakin wanda ke kwance

Misali na biyu ya shafi marasa lafiya. Kafin a gano maganin tarin fuka a shekarun 1940, babban abin da likita ke iya ba mai wannan cuta shi ne hutu, da iska mai tsabta, da hasken rana, da abinci mai kyau. Majinyaci yakan yi watanni, wani lokaci shekaru, a asibiti. A ƙasar Finlan, can arewacin Turai, an ba Alvar Aalto da matarsa Aino, dukansu masu zanen gini, aikin wani asibitin tarin fuka a garin Paimio, aka gama shi a shekara ta 1933.

Aalto ya ba da labari cewa a lokacin da aikin ya zo hannunsa shi ma yana kwance ba shi da lafiya, kuma daga kan gado ya lura da abin da mai lafiya ba ya gani: an tsara ɗakuna ne domin mutumin da ke tsaye, alhali majinyaci a kwance yake wuni ya kwana. Wanda ke tsaye bango yake kallo, wanda ke kwance kuwa rufin ɗaki yake kallo. Fitilar da ke tsakiyar rufi ba ta damun likita mai zagaye, amma tana cikin idon mara lafiya.

Da ya gane ainihin matsalar, sai mafita ta riƙa biyo juna. Aka shafe rufin ɗaki da launi mai sanyaya ido. Aka kawar da fitila daga inda idon mai kwanciya ke kallo. Tun da ƙasar sanyi ce, ana ɗumama ɗakuna, sai aka karkata ɗumin wajen ƙafafun majinyaci, aka bar kansa cikin sanyi. Aka tsara tagogi yadda iska za ta shigo ba tare da ta bugi gado ba. Mutum biyu ke kwana a kowane ɗaki, kowa da wurin wanke hannunsa, aka kuma ƙera kwanon wankin da wani lanƙwaso wanda ruwan famfo ke zuba bisansa a karkace, domin ƙararsa kada ta ta da maƙwabci daga barci. Ma'ajiyar tufafi an rataye ta bisa bango ba ta taɓa ƙasa, domin tsintsiya da tsumma su wuce ƙarƙashinta. Mariƙin ƙofa an lanƙwasa shi yadda ba zai kama hannun rigar likita ba. Har kujerar hutawa, wadda suka ƙera da lanƙwasasshen katako, an karkata bayanta ne domin mai ciwon ƙirji ya ji sauƙin numfashi.

Mai karatu zai lura cewa yawancin waɗannan dabaru ba su ƙara wa ginin wani kuɗi mai yawa ba. Fenti dai za a saya ko ta yaya, fitila ma za a kafa ta ko ta yaya. Bambancin shi ne an san wa ake yi wa aikin, an kuma dubi ɗakin daga inda yake kwance.

Tsohon masallacin Dandaji

Kada a ɗauka cewa irin wannan tunani sai a Turai. Magabatanmu magina sun san shi. Da suka ga azara ba ta iya ɗaukar rufi mai faɗi, sai suka ƙago bakan gizo, suka samu zaure da soro masu yalwa ba tare da dogayen katakai ba. Sun kauce wa jera ƙofar zaure da ƙofar shiga gida bisa layi ɗaya, domin mai wucewa kada ya hangi tsakar gida. Sun bar alkuki cikin bango domin fitila ta zauna inda yaro ba zai ture ta ba. Kowace dabara cikin waɗannan amsa ce ga wata bukata.

A zamaninmu ma an yi aikin da ya bi wannan sawu a garin Dandaji, cikin jihar Tawa. Garin yana da tsohon masallacin juma'a na ƙasa, wanda zanensa ya fito daga hannun Alhaji Falke Barmu, maginin da masallacinsa na Yama ya ci kyautar Aga Khan a shekara ta 1986. Masallacin ya tsufa, ya kuma yi wa jama'a kaɗan. Sai aka ba wata ƴar Nijar mai zanen gini, Maryam Isufu Kamara, tare da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili ƴar ƙasar Iran, aikin sabon masallaci. Maimakon a bar tsohon ya rushe, suka kawo shawarar a gina sabon a gefensa da tubalin ƙasa da aka matse da inji, wanda zai ɗauki mutum 1.000, a kuma mai da tsohon ɗakin karatu. An gama aikin a shekara ta 2018, ana kiran wurin Hikma.

Matsalar da ke cikin tsohon ginin ta masu tsara ciki ce sosai. Ɗakin salla fili ne guda mai ginshiƙai da rufi mai tsawo, an yi shi domin sahu. Ɗakin karatu kuwa yana bukatar kantocin littattafai, da saƙo inda ɗalibi zai keɓe, da wurin da ƙungiya za ta zauna ta tattauna. Ga shi kuma ba a so a rushe kome, ba a so a rufe kyan rufin. Sai suka yi amfani da tsawon ɗakin: suka kafa ɗan bene a ciki, da matakala, da shamakai masu raba wuraren karatu, aka samu ƙarin wurin zama ba tare da an ƙara bango ko ɗaya ba. Tun da itace yana wuya a wannan yanki, da ƙarfe suka yi waɗannan sassa. Wajen gyaran bangon ƙasa kuwa, suka kira maginan da suka yi aikin tun farko, domin su ne suka san jikin ginin. Da haka wurin ya zama na karatu da taro ga ɗalibai da mata da manya masu neman ilimi, kuma tsarin ya samu lambar yabo a gasar gine-gine ta duniya a shekarun 2017 da 2018.

Matakan da suke bi

In aka jera waɗannan ayyuka uku, za a ga hanya guda ce aka bi, ko da yake matsalolin sun sha bamban.

Mataki na farko shi ne tambaya da kallo. Kafin ya ɗauki fensir, mai tsara ciki yakan je ya zauna inda za a yi aikin, ya ga wa ke shiga, da wane lokaci, ɗauke da me, ya kuma daɗe kamar yaya. Yakan tambayi shugaban ma'aikata, amma yakan tambayi mai shara da masinja da ungozoma, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Na biyu shi ne kiran matsala da sunanta na gaskiya. Mai ofis zai ce ɗakinsa ya yi zafi, a sayo masa na'urar sanyaya ɗaki. Mai tsara ciki zai tambaya daga ina zafin ke fitowa. A ƙasarmu, inda zafi ke wuce digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu, sau da yawa amsar ita ce taga mai kallon yamma wadda ranar la'asar ke shigowa ta cikinta, ko rufin kwano wanda ba a yi masa rufin ciki ba, ko kuwa rashin tagogi biyu masu fuskantar juna da iska za ta ratsa. Iska mai zafi sama take tashi, saboda haka ƴar kafa kusa da rufi tana fitar da ita. Rumfa bisa taga daga waje ta fi labule daga ciki tare zafi, domin labule yana tare hasken ne bayan zafin ya riga ya shigo. Wanda ya gyara waɗannan, ko ya sayi na'urar, wutar da za ta sha kaɗan ce, kuma ranar da wuta ta ɗauke ana iya zama cikin ɗakin.

Na uku shi ne awo. Jikin ɗan Adam shi ne ma'auni. Teburin rubutu tsayinsa kimanin santimita 75 ne, mazaunin kujera kimanin santimita 45. Ƙofar da keken guragu zai bi tana bukatar faɗin santimita 80 zuwa 90, kuma keken yana bukatar fili mai faɗin mita 1 da rabi kafin ya juya. Irin waɗannan alƙaluma an tara su cikin littattafai, kamar na Bajamushen nan Ernst Neufert wanda ya fara fitowa a shekara ta 1936. Amma littafi bai isa ba. Awon da aka ɗauka daga mai girki a tsaye bai dace da mai tuƙa tuwo a zaune bisa kujera ƴar tsugunne ba, kuma ɗakin jiran da aka ƙidaya wa kujeru goma ba zai wadatar ba in kowane majinyaci yana zuwa da ƴan rakiya biyu.

Na huɗu shi ne sanin iyaka. Nawa ne kuɗin da ke hannu? Wane kaya ake samu a kasuwar garin? In abin ya lalace, akwai kafinta ko mai walda kusa da zai gyara shi? Ƙarancin fili ne ya haifi madafar Farankfot, ƙarancin itace ne ya sa aka ɗauki ƙarfe a Dandaji. Kayan da aka yi odarsa daga nesa, wanda babu mai gyaransa a gari, ranar da ya karye ya zama shara. A nan ne kuma ake auna bukatun da ke karo da juna. Taga a buɗe tana kawo iska, amma da hunturu tana kawo ƙura. Ɗakin da likita ke ganin majinyaci yana son iska, yana kuma son sirri, domin babu mai faɗin ciwonsa in ya san ƴan jira suna ji. Mai tsara ciki ba ya iya ba kowace bukata duk abin da take so. Yakan jera su bisa muhimmanci, sa'an nan ya nemi matsaya, misali ya buɗe kafar iska a bangon waje, ya toshe bangon da ke kallon ɗakin jira.

Na biyar shi ne gwaji kafin kashe kuɗi. Akan zana ɗakin bisa takarda, santimita 2 a matsayin mita 1, a yanka ƴan takardu daidai girman gado da tebur da ma'ajiya, a yi ta matsar da su har a ga inda suka zauna daidai. Akan shata wurin kaya da alli bisa daɓe, mutum ya bi ya ga ko ƙofa za ta buɗe. Yau ana yin haka da kwamfuta, har a ga ɗakin kamar an shiga cikinsa, amma manufar ba ta sake ba. Kuskuren da aka gani bisa takarda gogewa ake yi, wanda aka gani bayan gini kuwa sai da guduma.

Na shida, wanda aka fi mantawa da shi, shi ne komawa bayan an tare. Wata shida ko shekara bayan buɗe gini, ya kamata a je a duba: wace ƙofa ce aka toshe, wane ɗaki ne aka mai da ma'ajiyar tarkace, ina mutane suka gwammace su zauna? Aibin madafar Farankfot bai bayyana ba sai da aka yi girki cikinta. Wanda bai koma ya duba ba, kuskuren da ya yi a gini na farko shi zai maimaita a na goma.

Ga masu sa hannu da masu gida

Ma'aikacin hukuma wanda ake kawo wa zanen aji ko gidan haihuwa ko ofis domin ya amince, ba lalle ne ya zama masanin gini ba, amma yana da ikon tambaya. An nuna wa malamai da ungozomomin da za su yi aiki a ciki wannan zane? Ina rana take faɗowa da la'asar? Ta ina iska za ta shiga, ta ina za ta fita? Ina za a ajiye takardu da magunguna? Gurgu da tsoho da mai ciki za su iya shiga ba da taimako ba? An nuna wurin tebura da gadaje bisa zanen, ko an bar ɗakunan wayam sai ranar tarewa a ga abin da zai yiwu? Ɗan kwangilar da ya san aikinsa ba zai ji haushin waɗannan tambayoyi ba, kuma amsa su tun zane yana bisa takarda ba ya cin ko tamma.

Haka nan wanda ya koyi karatu da lissafi da girmansa yana da duk abin da ake bukata domin ya gwada wannan hanya a gidansa. Ma'aunin tela da fensir da takarda guda sun isa. Kafin ya kira magini ya ƙara ɗaki, ko kafin a kai kayan amarya a yi jere, sai ya auna ɗakin, ya auna gado da ma'ajiya, ya tambayi wadda za ta zauna ciki inda take son haske da inda take son ajiye kayanta, ya bar hanyar wucewa tsakanin ƙofa da gado, ya kuma tabbata babu abin da ya toshe taga. Hausawa sun ce tun ran gini, tun ran zane. Yini guda da aka ɓata wajen awo da tambaya ya fi sauƙi bisa ga shekarun da za a yi ana zaune gindin itace, ana kallon sabon ɗaki a rufe.